Kuɗin intanet: ƙanena ya sayi abin da bai sani ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni ɗan canji ne, shekara goma sha biyu ina juya naira da sefa a babbar kasuwar Maradi. Ƙanena ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wani ya sayar masa da Bitcoin Cash ta jikka tamanin, ya ce masa ai Bitcoin ce, sabuwar fitowa mai araha. Yaron ya zo rumfata yana washe baki, ya miƙo mini wayarsa. Ina ganin BCH, alamar Bitcoin Cash, a inda ya kamata in ga BTC, alamar Bitcoin, gabana ya faɗi.

Ba jabu aka ba shi ba, amma kuma ba ita ba ce. Rabuwar gida aka yi, samarinmu kuwa ba su san labarin ba.

Sefa tana da babban bankinta, BCEAO, a Dakar mai yanke hukunci. Bitcoin ba ta da mai gida. Kundi ne guda da kwafinsa ke cikin dubban kwamfutoci, kusan kowane minti goma ana ƙara masa shafi. Mai son a sauya doka sai ya rubuta shawararsa a fili, ana kiranta BIP, a yi ta tafka muhawara, wani lokaci shekaru. Daga nan masu haƙa, wato masu rubuta shafukan, su riƙa sa alamar amincewa. Wani gyaran doka na 2021 mai suna Taproot bai wuce ba sai da kashi 90 cikin ɗari na shafuka guda 2016, aikin kusan sati biyu, suka ɗauki alamar. Su ma ɗin ba su kaɗai ke da ta cewa ba, domin shafin da ya saɓa doka kwamfutocin jama'a watsi suke yi da shi. Kamar tiya ce a kasuwar hatsi: ko dillalai sun haɗa baki sun ƙara mata girma, in masu gero suka ƙi awo da ita, ta zama kwanon banza.

To a 2017 an kasa daidaitawa kan girman shafi. Wasu suka ce a bar shi megabait 1, wasu suka nace sai 8. Ranar 1 ga Agusta masu son babban shafi suka ware da nasu kundin. Shi ne Bitcoin Cash ɗin da ƙanena ya saya, kuɗin ɗinkinsa na wata biyu.

Don Allah, Malam Edita, ku ware mana fili ko sau ɗaya a wata, wani masani ya riƙa bayyana waɗannan abubuwa da Hausa. Ni dai na zaunar da nawa a kan benci, na nuna masa haruffa ukun nan da zai duba kafin ya sake tura ko dala.

Naku,
Wani ɗan canji, unguwar Sabon Gari, Maradi