Babana, kuɗin Kaka ɗin nan kar ka wanke su

Assalamu alaikum Babana. Da fatan kana lafiya, ya Yamai ya karatu? Mu nan Damagaram lafiya lau, Innarka na gaisheka, ta ce wai ka rame a hoton da ka turo.

Dalilin rubuto maka, maganar gwangwanin tsofaffin kuɗin ƙarfen nan ne na Kaka mai sunanka da na damƙa maka ranar da za ka koma. Jiya ƙanwarka take ce min ka ce za ka samu lemun tsami da toka ka goge su suyi ƙyalli, wallahi sai da gabana ya faɗi. Kar ka soma. Ni na riga ka yin wannan wautar, ina saurayi na ɗauki guda ɗaya cikin manyan na azurfa na dirje shi da toka har yana ɗaukar ido, na kai wa wani mutum mai sayen kayan da a kasuwar Dole ina ta fankama, ya juya shi ya juya ya ce yaro ka kashe kuɗinka, yanzu sai dai a saye shi a nauyin azurfa. Wannan duhun da kake gani kamar dauɗa shi ne shaidar shekarunsa, kuma toka tana barin ƙananan karce da idonka ba zai gani ba amma mai saye da gilashinsa zai gani. Ko omo ko tsamiya ko man goge tukunya, duk ɗaya ne.

Bari in faɗa maka me ke hannunka. Manyan nan masu hoton mace, Mariya Tereza ce sarauniyar Ostiriya, dukkansu 1780 aka rubuta, shekarar da ta rasu kenan, amma an ci gaba da buga su da wannan shekarar har bayan shekaru da yawa, to kar wani ya ruɗe ka ko kai ka ruɗi kanka wai kowanne ya haura shekara 200. Nauyin na gaske gram 28 ne, kuma mayen ƙarfe baya kama azurfa. Irinsu maƙeran fari suka yi ta narkarwa suna ƙera wa mata kayan ado, shi yasa Kaka ya ɓoye nasa. Masu huji a tsakiya da tauraro, anini ne da kwabo na Ingilishi, daga Kano ya zo da su lokacin fatauci. Sai marasa nauyin nan na goran ruwa masu kan barewa, tamma ce ta zamanin Faransa, akwai na 1948 a ciki, sefa kanta a 1945 aka ƙirƙiro ta. Waɗannan basu da wani tsada, ban ɓoye maka ba, amma da su kakarka take sayen cefane.

Yanzu ajiya. Ka fitar da su daga gwangwanin nan, laifina ne da na barsu suna gogar juna shekara da shekaru, ga tsatsa ta fara cin gindinsa. Kowanne ka sa shi shi kaɗai cikin 'yar takarda fara mai tsabta, ba jarida ba, ka rubuta a bayanta ko menene kafin ka saka shi ciki. Leda mai laushin nan ka guje ta, in ta sha zafi tana fitar da wani abu kore mai danƙo da yake cin ƙarfe. Robar ɗaure kuɗi ma tana baƙanta azurfa, haka jakar fata, duk da kyan aikin dukawanmu na Damagaram, jima bata shiri da ƙarfe. In za ka ɗauka ka wanke hannu ka shanya, ka riƙe ta gefe, gumin yatsa na barin tambari da baya fita.

Damina ce abin tsoro, balle ku da kuke kusa da kogi, watan Agusta komai sai ya yi danshi. Ƙananan ƙunshin nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi masu shan laima, tara su ka zuba cikin akwatin da za ka ajiye kuɗin, ka ɗora shi sama nesa da randa da bango.

Kuma dan Allah banda hoto a Facebook, banda nuna wa abokan ɗaki. Ka samu kaye ka rubuta adadinsu ka turo min, ina jin manyan guda bakwai ne, na takwas shi ne wanda na lalata, yana nan wurin Innarka ta sa an huda shi ta rataya.

Allah ya yi maka albarka. Ka kira ranar Juma'a bayan masallaci.

Mahaifinka