A gwada manhaja kafin a ɗora wa kwamfutocin firamare

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in ja hankalin hedimastoci da kwamitocin makarantun karkarar Kano da Jigawa kan manhajar da ake ɗora wa kwamfutocin yara.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi: a kashe intanet, sannan a buɗe manhajar a kan kwamfutar da ta fi tsufa. In ta ƙi tashi, ko ta nemi imel, ba ta ƙauye ba ce. Haka wadda ake sabunta wa lasisi duk shekara. Ranar da kuɗi ya yanke, ɗakin kwamfuta ya koma ma'ajiyar karyayyun benci.

Na kyauta ma sun wadatar. GCompris, wadda aka yi wa 'yan shekara 2 zuwa 10, tana da wasanni sama da 100, tun daga koyon jan linzamin kwamfuta (maus), don haka ta dace da aji 1 zuwa 3. Tux Typing ta aji 4 ce, don sabo da madannai. Scratch ta jami'ar MIT a Amurka, inda yaro ke jera umarni kamar bulo, a bar wa aji 5 da 6. Amma Scratch ɗin da ake girkawa a kwamfuta ba ta adana aiki da kanta. Aka ɗauke wuta, aikin yaro ya tafi, sai fa in laftof ce mai batir. A koya musu adanawa tun ranar farko.

Lissafin da dillalai ba sa yi shi ne na kujera. Yara 60, kwamfuta 10, darasin minti 35: ko an raba aji biyu, uku ne a kan kowace, kowa bai kai minti 12 ba. Manhajar da ke buɗewa da dogon bidiyo ta cinye rabon yaro guda.

A sauke manhajojin sau ɗaya a gari, a filas ɗin makaranta, kada kuma a ba da aronsa zuwa shagon buga takardu, don can ake kwaso bairos mai ɓoye fayiloli. A buɗe wa yara asusun da ba shi da ikon girkawa ko gogewa. Sannan a kunna madannan Hausa na Windows, a sa wani Ɗanladi ya rubuta sunansa, a ga ko ƙugiyar ta fito.

Naku,
Malamin firamare, Jigawa