Zuwa ga 'Yata, a kan Maganar Gauraka

Assalamu alaikum, Uwata. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na kwana da maganar da kika yi mini a waya, cewa a Lituwaniya sunan gauraka gervė, kuma kina son rubutawa a aikinki na makaranta cewa ɗan'uwan namu sunan ne. Ki dakata tukuna. Kama da wane ba wane ba ne.

Ki fara duba 'yan gidan kalmar. Latbiya suna cewa dzērve, Rashawa zhuravl, mutanen Folan żuraw. Tsohon harshen Furusiya, wanda ya mutu tun wajen 1700, yana da gerwe. Tana cikin ɗan ƙamus na Elbing (wani gari da ke Folan a yanzu) mai kalmomi 802, da aka kwafa wajen shekara ta 1400. A kunne, zhuravl ya fi gauraka nisa da gervė, amma shi ne na jini. Dalili kuwa, a tsohon harshen Silabawa, wato kakan harsunan Rashawa da mutanen Folan, g ya koma zh a gaban e, a Latbiyanci ya koma dz, Lituwaniyanci kuma ya riƙe shi yadda ya gada. Ba a tsuntsun nan kaɗai ba. Ɗauki sunan ƙarfe: geležis a Lituwaniyanci, zhelezo a Rashanci, dzelzs a Latbiyanci. Sawu ɗaya suka taka. Kada abin ya ba ki mamaki, mu ma muna yi: kaza, kaji, mota, motoci. Masana sun kai saiwar ga tsohon harshen Indo-Turai, kakan waɗannan harsuna duka, inda take nufin kuka mai kaushi, kuma can geranos na Girkawa da grus na Latin suka fito.

To gauraka fa? Hausa 'yar gidan harsunan Chadi ce, ba ta Indo-Turai ba. Ko da a ce Bahaushe ma daga kukan ya ɗauko sunan, ai maƙogwaron tsuntsu ne ya haɗa su, ba kaka ba. Kuma ma tsuntsun ba ɗaya ba ne: namu mai tukkun nan ne kamar tsintsiyar zinariya, wanda muke gani a fadama muna yara, nasu toka-toka ne, ba shi da tukku.

Kafin ki ɗaura wa kalmomi biyu zumunta, ki samo wasu goma da suka sauya ta hanya ɗaya. In ba su samu ba, ki cire sakin layin, ko da kin sha wuyar rubuta shi. Ki nuna wa malaminki kafin ki miƙa.

Mamanki na gaishe ki, ta ce yajin da ta aiko ki ajiye shi inda ba danshi.

Naki,
Baba