Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarki Kan Lafiyar Ma'aikatan Bakin Iyaka Da Iyalansu

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,
ta hannun Mai Girma Hakimi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa da biyayya, mu ne talakawan Sarki da ke neman abinci a bakin iyaka: direbobin manyan motoci da yaransu, 'yan dako, masu gadin sito, makanikai, da matan da mazajensu ke wannan aiki. Mun daɗe muna gunaguni a inuwar tireloli, har dattawanmu suka ce mu daina cizon yatsa, mu kawo kukanmu gaban uba.

Ranka ya daɗe, bari mu fara da abin da muka gani da idonmu. A daminar da ta wuce wasu 'yan dako shida suna sauke ganguna daga wata tirela zuwa wata, sai ɗaya ta tsage a gindi. Yaron da ya tallabo ta ya ɗauka ruwan sama ne ya jiƙa masa riga, ya ci gaba da aiki. Kafin la'asar fatar ƙirjinsa da ta hannuwansa ta saɓule kamar an zuba masa tafasasshen mai. Da muka kai shi asibiti, tambayar farko da malamin asibiti ya yi ita ce, "Mene ne a cikin gangar?" Babu wanda ya iya amsawa. Rubutun da ke jikinta da wani harshe ne da ko direban bai iya karantawa ba, takardun kayan kuma suna aljihun wakilin mai kaya, shi kuwa ya riga ya ƙetare. Haka aka yi ta wanke ciwon da ruwa ana lalube.

Da maganar kuɗin magani ta taso sai kowa ya zame. Mai kayan yana wata ƙasa, motar rajistar wata ƙasa ce daban, dillalin da ya ɗauki yaran ya ce shi aikin yini ya ba su kuma ya sallame su. Shi kansa yaron ɗan tsallaken iyaka ne, ba shi da kowa a nan sai abokan aiki. Karo-karo muka yi. Yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa, ya koma gida, ba mai sake ɗaukarsa dako.

Gangar nan tana da takarda tun daga tashar jirgin ruwa har inda za ta. Kwastan sun san nauyinta da harajinta, kuma tana da inshora. Mutumin da ya ɗora ta a ƙirjinsa ne kaɗai ba a rubuta sunansa a ko'ina ba.

Kada a fahimce mu baibai, ba mu ƙin buɗe iyaka. Mun ɗanɗana rufewar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun ga gidajen da suka kwana ba a ɗora tukunya ba. Muna murna da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Mun kuma ji labarin yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka da aka ƙulla a Kigali a 2018, Najeriya ta sa hannu a Yamai a 2019, aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021. Idan ta kankama motoci za su ƙaru, sito-sito za su ƙaru, baƙin ma'aikata za su ƙaru. Damuwarmu ita ce an share wa kaya hanya tas, an bar lafiyar masu ɗaukarsu tana tsayawa a shingen farko.

Ga misali na biyu, wanda ya fi ba mu tsoro domin har cikin ɗakunanmu yake shiga. Wani yaron mota ya kamu da tarin fuka, aka fara ba shi magani a wancan ɓangaren. Maganin wata shida ake sha ba fashi. A wata na biyu aiki ya dawo da shi nan, ya kai katinsa asibiti, kati da Faransanci, ba wanda zai karanta, ba kuma lambar da za a kira a tambaya. Aka ce sai ya sake gwaji tun daga farko. Kafin sakamako ya fito mota ta yi lodi, ubangidansa ya ce a tafi, shi kuma ya ji tarin ya lafa, sai ya bi mota. Ma'aikatan lafiya sun gaya mana irin wannan yankewar ce ke haifar da tarin da ba ya jin maganin farko, wanda jinyarsa ta fi tsawo da wahala. Yaron nan yana kwana a cikin kan motar da mutum uku ke numfashi a ciki, gilashi a rufe saboda sanyi, in ya sauka kuma ɗaki ɗaya yake kwana da ƙannensa. Haka yankewar magani take samun mai shan maganin ƙanjamau da mai hawan jini. Kwalara da sanƙarau da mashaƙo kuwa sau da yawa a bakin direbobi muke fara jin sun ɓulla a tsallake, kafin wata sanarwa ta hukuma ta iso.

Sarki ya fi mu sanin tarihi, amma a yi mana uzuri mu tuna. A 1988 aka jibge dubban ganguna na dattin masana'antu mai guba daga Italiya a garin Koko, cikin jihar Delta ta yanzu, kuma ma'aikatan da aka sa kwashewa suna cikin waɗanda suka ƙone. Irin wannan ta sa ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako a 1991, wadda ta haramta shigo da datti mai guba nahiyar. Duk da haka a 2006 aka zubar da wani a unguwannin Abijan, mutane kimanin 100,000 suka nemi magani. A Yulin 2014 fasinja ɗaya daga Laberiya ya sauka Legas da Ebola, ba don Allah ya sa Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita asibiti ba, da labarin ya sha bamban. Ita ma cutar ce ta yi ajalinta.

Amma darasin da ya fi kama da halinmu yana kudancin Afirka. Shekaru aru-aru ma'adinan zinaren Afirka ta Kudu suna ɗibar leburori daga Lesoto da Mozambik da sauran maƙwabta. Mutum ya yi shekara ashirin yana shaƙar ƙurar dutse, in ƙarfinsa ya ƙare a sallame shi, ya koma ƙauyensu da huhu a lalace da tarin fuka, ya sa wa matarsa da 'ya'yansa. Riba ta tsaya a ƙasa ɗaya, jinya da makoki suka tafi wata. Sai a 2012 shugabannin ƙungiyar ƙasashen yankin suka sa hannu kan sanarwar yaƙi da tarin fuka a ma'adinai, sai kuma a 2018 manyan kamfanoni suka yarda su biya diyyar rand biliyan 5, kuɗin Afirka ta Kudu. Kafin nan da yawa daga masu haƙƙin suna kabari, wasu kuma an rasa inda za a same su saboda ba a taɓa ajiye cikakken adireshinsu ba. Gemun ɗan'uwa ne ya kama wuta, muke so a shafa wa namu ruwa.

Ranka ya daɗe, ba sabuwar doka muke nema ba, akwai su jingim. ECOWAS ta kafa hukumar lafiyarta tun 1987, aka ajiye hedikwatarta a Bobo-Dioulasso. Ƙa'idojin lafiya na ƙasa da ƙasa na 2005, da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, sun tanadi a shirya wa annoba a mashigun ƙasa, maƙwabta kuma su riƙa musayar labari. A 2013 shugabannin ECOWAS suka amince da yarjejeniyar da ta ce haƙƙin ma'aikaci, har da diyyar rauni, ya bi shi in ya koma ƙasarsa. Dokar diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, wato NSITF. A 2022 kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sanya wurin aiki mai aminci cikin haƙƙoƙin asali na kowane ma'aikaci. Duk waɗannan an rubuta su ne da mai albashin wata a zuciya. Ɗan dakon da ake biya kan kowane buhu bai san da zamansu ba, su ma ba su san da zamansa ba. Ga kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025, wadda ta ƙara sassauta igiyar da dama ba ta ɗauru sosai ba. Gwamnatoci sun ja baya da juna, motoci da aure da jana'iza suna nan suna ƙetarewa kullum.

Wannan ne ya sa muka nufo fada. Mun ga yadda aka yi da shan inna. Sai da sarakuna suka sa baki, ƙasashe maƙwabta suka riƙa yin rigakafi a lokaci guda, masu ɗigo suka tsaya a tashoshi da mashigai, sannan a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Inda takardar ma'aikata ke wata uku tana zagaye ofisoshi, saƙon Sarki ga takwaransa na tsallake yini ɗaya yake yi.

Babban roƙonmu shi ne Sarki ya gayyaci sarakunan wancan ɓangaren da shugabannin lafiya na ɓangarorin biyu a zauna, a kafa ɗan ƙaramin kwamiti mai haɗuwa a kai a kai, a sa wakilan direbobi da na 'yan dako da na mata a ciki. Ba ma son kwamitin otal. Mutum biyu masu riƙe da lambar wayar juna, waɗanda za su kira da zarar amai da gudawa ya ɓulla, sun fi mana taron kwana uku. Daga wannan zama muke fatan a fitar da katin jinya guda mai harshe biyu, domin wanda ya fara maganin tarin fuka ko na ƙanjamau a can ya ci gaba a nan ba tare da an mai da shi farko ba.

Sai abin da ke cikin ikon masarauta kai tsaye. Muna roƙon a kira masu sito da dillalan lodi a ja musu kunne: kada a sauke kayan sinadari sai an gaya wa masu saukewa abin da ke ciki da harshen da suke ji, an ba su safar hannu da takunkumi da takalmi, an ajiye ruwan wanke jiki kusa, an kuma bar kwafin takardar kayan a hannun shugaban lodi har a gama. Kowane dillali ya riƙe littafin sunayen waɗanda ya ɗauka a yini da garuruwansu, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Littafin nan ba ya cin komai, amma shi ne hujjar mutum ranar da tsautsayi ya auku. Muna kuma roƙon a sa baki ƙaramar hukuma ta yi famfo da makewayi a wurin da motoci ke kwana, domin ɗaruruwan mutane ne ke zagayawa bayan gari, kusa da rijiyoyin da yaranmu ke sha.

Maganar diyyar baƙon ma'aikaci mun san ta fi ƙarfin masarauta ita kaɗai. Muna roƙon Sarki ya isar da ita ga Gwamna da Majalisar Sarakuna da 'yan majalisarmu na tarayya, a tambayi masu zama teburin cinikin yanki inda suka ajiye lafiyar ma'aikaci, musamman tsakaninmu da ƙasashen da suka fice.

Mu ma ba mu wanke kanmu ba. Akwai direbobinmu masu shan ƙwaya don kada su yi barci, akwai yaran da in an ba su safar hannu sai su ce tana rage musu sauri. Wannan namu ne, mun ɗauki alkawarin gyarawa, kuma mun riga mun fara rubuta sunayen mutanenmu.

Idan Sarki ya amince, muna roƙon a ba wakilanmu rana su zo fada kafin damina ta sake faɗuwa. Za mu aika a taho da yaron da ya ƙone domin Sarki ya ga hannunsa, za mu kuma zo da hoton gangar da muka ɗauka a waya.

Allah ya taimaki Sarki, ya ƙara masa nasara.

Mu ne talakawan Sarki masu biyayya,
a madadin direbobi, yaran mota, 'yan dako, masu gadin sito, makanikai da iyalansu.