Baba ya ce ba da shi ba

Jos, daren Laraba

Assalamu alaikum, Babarbare bawan Fulani.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya aiki, ya sanyi? Ko da yake wanda ya tashi a Gangare yana wanka da ruwan randa a watan Janairu bai kamata ya je Ingila yana damun mutane da kukan sanyi ba. Na ga saƙonka kan maganar katangar filinka, zan zo kanta. Bari in fara sauke abin da ke cikina, don tun ranar 1 ga Oktoba nake neman wanda zan zazzage wa. Ka ce in na turo maka dogon saƙon murya barci yake sa ka. To ga rubutu nan, sai ka yi matashi da shi.

Mun yi taron nan. E, shi dai, wanda ka rantse ba za mu iya ba, ka turo kuɗin kujeru kana cewa sadaka ka yi wa mayunwata. Tsofaffi shida muka karrama a filin makarantar firamare, waɗanda suka ƙarar da ƙarfinsu a hidimar unguwa ba tare da an taɓa biyansu ko sisi ba. Sakatare ne ya kafe sai ranar 1 ga Oktoba. Mu duk mun ɗauka don hutun 'yancin kai ne, ashe ya tono cewa tun 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wannan rana don tsofaffi. Ka san shi da takardu. Sai da ya karanta mana wannan bayani a kowane zama, har Ciyaman ya ce in ya sake maimaitawa shi ma za a sa shi cikin tsofaffin.

Amma kafin a kai ga taro sai da Baba na maƙabarta ya kusa rusa komai. Mun je masa bayan la'asar, ni da Ciyaman da Ma'aji, mun shirya zance tsaf. Ya bari muka gama, yana ta jan carbi, sannan ya ɗago ya ce, "Yara, shekara da shekaru ina ajiyar abina a wurin Allah, yanzu ku zo ku rabar min da shi a kan kujerar roba da lemon kwalba? Ba da ni ba." Wallahi Ciyaman da bakinsa ba ya mutuwa sai sosa ƙeya yake yi.

Kai ka san Baba, amma ban jin ka taɓa tsayawa ka lissafa abin da mutumin nan ya yi. Ni ma sai da aka ba ni aikin rubuta tarihinsu na zauna da ƙanensa. Tun kafin a haife mu yake haƙa. Ana sallame asuba zai ɗauki diga da shebur, ko an yi rasuwa ko ba a yi ba, don ya ce gawa ba ta jira. Kuma ka san ƙasar garin nan, wani wurin kana fara sara za ka ci karo da dutse. Shi zai fitar da uwa, ya gyara 'ya daidai tsawon mamaci, ya tanadi itace da tukwane, ya kwaɓa ƙasa. A rikicin Satumbar 2001 yana can. Nuwambar 2008 yana can. Janairun 2010, lokacin da dokar hana fita ta kulle kowa a ɗaki, shi da abokan aikinsa aka riƙa rakawa su yi haƙa su dawo. Ambaliyar da ta ci Rikkos da su Gangare a Yulin 2012, ƙanensa ya ce ranar hannun Baba har jini ya yi, ya naɗe da tsumma ya ci gaba. Mahaifinka shi ya saka shi, nawa ma haka. Da me yake ci? Gyaran takalma a bakin masallaci, shi ke nan.

Liman ne ya cece mu. Ya je da kansa, ya kawo masa hadisin nan da ke cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, ya ce, "Malam, kai ba ka nema ba, ladanka na nan. Su ne ke da bashin godiya a wuyansu, kada ka hana su biya." Baba ya yi shiru, can ya ce ya ji, amma da sharaɗi. Ba hoto. Ba Facebook. Kada sanƙira ya tsaya yana yi masa kirari kamar ɗan dambe. Sharaɗi na ƙarshe kuwa shi ya hana ni barci: ya ce allon da za mu kashe kuɗi mu rubuta sunansa a kai, mu sayo diga biyu da baro da kuɗin, kuma mu kawo masa samari da za su koyi aikin. Ya ce cikin waɗanda suka fara tare saura su uku, ƙaraminsu ya ba saba'in baya. Ya ce, "In na faɗi gobe, wa ya san inda aka bar wuri, wa ya san inda in ka sara za ka tono wani?" Ashe taswirar sashenmu na maƙabartar duk a kansa take. Ko takarda ɗaya babu.

Af, kafin in manta, Dogo ya ƙara aure. Kada ka tambaye ni da wane kuɗi. Wadda kake zato ɗin ce kuwa, kuma uwargidan ta ce ita za ta haɗa lefen da hannunta, abin da ya sa kowa a majalisa ya tsorata fiye da in da ta tayar da bori. Dankali ya yi tsadar da har mu 'yan Jos mun koma kallonsa a Farin Gada. Kasuwar Terminus kuwa, tun da ta ƙone a 2002 muke jin za a gina, jikokinka ma za su ji.

In koma kan taro. Inna ungozoma ita ba ta da wannan dogon tunani. Da muka gaya mata cewa ta yi, "Ni ku ba ni abina a duniya, na lahira kuma Allah ba zai fasa ba. Atamfa dai ta zama mai kyau, kada ku kawo min roba." Rabin mutanen da suka cika filin nan ita ta yanke musu cibiya, kuma ba ta bar kowa ya manta ba. Tana hawa kan mumbari ta karɓe lasifika daga hannun sanƙira ta shiga nuna manyan mutane da yatsa tana faɗin yadda kowa ya zo duniya. Mai neman kansilan nan, mutuminka, wanda ya so a buga hotonsa a jikin kyallen taro kuma a cusa sunan gwaggonsa a jerin, ta ce kwana uku ya yi yana tsala ihu don rowar uwarsa da kunun kanwa. Filin ya kece da dariya, bai ƙara neman lasifika ba. Ta tambaye ka. Ta ce a gaya wa mai kunnen nan har yanzu tana bin sa goron suna.

Wasa dai wasa, matar nan ta yi aiki. Ban da karɓar haihuwa, ita ke wankan gawar mata a layinmu da na bayanmu. Lokacin da mutane ke rufe wa masu allurar shan inna ƙofa, ita ta riƙa shiga gaba, ta yi sallama ta shige har ɗaki, don babu maigidan da zai iya korar wadda ta yi wa matarsa wankan jego. Ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ayyana cewa Afirka ta rabu da cutar, manya ne suka yi jawabi a talabijin. Inna tana gida tana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi.

Inda aka yi zafi a kwamiti shi ne kan Mama nas. Ka tuna ta, mai gidan da ke da bishiyar fiya, wadda ta ɗinke maka goshi ranar da ka faɗo daga katangar makaranta kana gudun Malam. Bayan 2008 ta sayar da gidan ta koma can cikin 'yan uwanta, kamar yadda kowa ya yi ta kowane ɓangare. Amma har yau duk Asabar sai ta hau Keke ta zo da na'urar awon jini a jaka, ta zauna a zauren Mai unguwa, ta duba tsofaffi kyauta, wanda jininsa ya hau ta kora shi asibiti da faɗa. Da na kawo sunanta wasu suka fara gyaran murya. Wai ba ta unguwar yanzu, wai taron zai buɗe da addu'a, wai kada ta takura. Ka san irin wai-wai ɗin nan da ba a fito da ainihin maganar.

Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce musu nan Barikin Ladi, ba wata ƙasa ba, ranar 23 ga Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye mutum 262 a masallacinsa da gidansa, yawancinsu Kiristoci, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su, yana da shekara 83. Amurka ta kira shi ta ba shi lambar yabo a 2019, gwamnatinmu ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa, MON, a 2022, kuma duk mun yi ta yaɗa hotonsa muna alfahari. Na ce to mu da muka ji daɗi da duniya ta yaba wa namu, yau an ce mu gode wa matar da ke tsallako mana duk mako sai mu fara lissafin layi? Malam Ladan, wanda shi ma yana cikin jerin, ya ce in babu ita a cire shi. Nan magana ta mutu. Ranar taro da ta shigo da jikokinta, matan unguwa suka ɗauki guɗa tun daga bakin ƙofa. Ita da Inna suka rungume juna suna kuka, sannan suka koma musu kan wacce ta fi wata tsufa.

Sauran biyun ka san su: tsohon ɗan agajin nan da ya shekara arba'in yana tare motoci ranar Juma'a da kakinsa mai guga, da Malam hedimasta mai karatun dare kyauta. Baba ya zo a ƙarshe, ya zauna can baya, aka miƙa masa digoginsa a naɗe da leda. Ya jinjina ɗaya ya ce ƙotar ba ta da kyau.

Yanzu ga abin da ke damuna, kuma shi ya sa na rubuto. An kwashe kujeru, an share fili, kowa yana cewa taro ya yi kyau. Gwiwar Baba tana nan yadda take, Ladan yana ta rufe masa ido ɗaya, Inna maganin hawan jini sai ta tsallake kwana don ya kai mata ƙarshen wata. Cikin su shida, biyu ne kawai ke da fansho, su ma don sun yi aikin gwamnati. Sakatare ya ce akwai cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a Abuja, wadda Buhari ya sa hannu a dokarta a 2018 ta fara aiki a 2021, ya ce zai rubuta musu. Ya rubuta, ban hana ba. Amma ni ina ganin mutanen da suka binne mana iyaye suka karɓi haihuwarmu, ba sai mun jira Abuja ba kafin mu saya musu magani.

Na kawo shawarar asusu, kowa ya riƙa jefa abin da ya sawwaƙa duk wata, a riƙa biyan magani da kuɗin asibiti kai tsaye. Ma'aji ya ce in aka fara ba su kuɗi abin ya zama aikin albashi, gobe samari za su ce ba su haƙa sai an biya. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, na san halin yaranmu. Amma ni ban ce albashi ba. Ɗan da ya saya wa ubansa magani ba ladan aiki ya biya shi ba. Kai da kake can kana juya tsofaffin Turawa a gado ana lissafa maka awa da fam, ka fi ni sanin abin da wannan hidima take ci. Kada ka ce na yi maka gori, sana'a ce, kuma ita ta sayi kujerun. Ina so dai ka yi magana da su Injiniya da sauran 'yan unguwa da ke waje. In ku biyar kuka ɗauki wata-wata, mu nan mu ƙarasa. Kuma a aiko ta hannun Liman, kada a biyo ta wajena, don ka san bakin mutane.

Samari tara ne suka rubuta suna ranar taro, da zafin jawabin Liman. Yanzu huɗu ke zuwa, ciki har da ɗan yayanka, wanda uwarsa ke cewa ko tsintsiya ba ya ɗagawa a gida. Baba ya ce yaron yana da hannu, surutu ne dai ya yi masa yawa, gadon gidanku. Na bi su wata Asabar, na yi sara kaɗan tafin hannuna ya yi bororo, Baba ya karɓe digar ya ce in je in riƙe biro tunda shi na iya. Abin da nake yi ke nan yanzu: yana nunawa da sanda, ina zana layi-layi a littafi ina rubuta wanda ke kwance a ina. Wani wurin sai ya tsaya ya ba ni labarin mamacin tun daga kakansa, rana ta take ba mu gama layi ɗaya ba.

In akwai mai tahowa kafin hunturu ya kankama, ka haɗo shi da man zafin nan na gwiwa da ka kawo wa Hajiya bara, da rigar sanyi mai kauri, girman jikinka kafin ka yi tumbi. Ka ce daga gare ka ne kawai, in ya ji an ce kwamiti ba zai karɓa ba. Uwargida tana gaida amaryarka, ta ce daddawa da kuka da yaji suna nan a ƙulle, kilishi ne ba za ta sake ba, tunda wancan ma a filin jirgi aka ƙwace. Ka shafa min kan yara, ka ce wa babban ya daina amsa min gaisuwa da Turanci.

Wassalam,

Ubangidanka Bafulatani