Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Damagaram Kan Shayar Da Jarirai Nono Zalla

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram,
ta hannun masu unguwannin Birni, Zango, Garin Malam da Sabon Gari.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu da muka sa hannu a ƙasan wannan takarda matan garinka ne: masu goyo, kakanni, ungozomomin unguwa, da masu zagawa gida-gida suna faɗakarwa kan lafiyar yara. Kukan da muka kawo fada shi ne na ruwan da ake ɗura wa jarirai tun ba su cika wata shida ba, da halin da mai jego ke shiga idan ta ce kada a ba ɗanta.

Ranka ya daɗe, maganar likitoci a kan wannan ba ta da ruɗani. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwarsa, a bar shi da nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba bauri, ba koko, sai maganin da likita ya rubuta. Daga nan a fara ba shi abinci, nono kuma ya ci gaba har shekara 2 ko fiye. Matan Damagaram sun sha jin haka a wurin awon ciki da a rediyo. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 23 cikin 100 ne kawai na jariran Nijar ƴan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla, alhali ƙasashen duniya sun sa burin kaiwa kashi 50 a 2025. Ji kam mata sun ji, cikas ɗin a cikin gida yake.

Ga yarinya mai haihuwar fari ta zo goyon ciki gidan iyayenta, a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura maki 40. Jariri ya tsala kuka da azahar, sai kaka ta ɗebo ruwa a randa ta kawo da cokali, ta ce shi ma mutum ne, ƙishirwa yake ji, mu ma haka muka yi goyonku. Yarinyar ta tuna abin da ungozoma ta gaya mata, amma da wane baki za ta musa wa uwarta ko uwar mijinta, ga kunyar ɗan fari? Sai ta sunkuyar da kai. Ba mu zargin kakanni, wasunmu ma kakannin ne, kuma tausayi ke sa su yin haka. Abin da ba a bayyana musu ba shi ne kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Idan zafi ya tsananta, uwar ce za a ƙara wa ruwa da fura, yaron a yawaita sa shi a nono.

Kuma Sarki ya fi kowa sanin ruwan garin nan. Da bazara famfo kan ɗauke, a koma ga ƴan garuwa, ruwa ya kwana a jarka da duro. Babba ya sha ya zauna lafiya, cikin ɗan wata biyu ba zai ɗauka ba. Zawo ya kama shi. Ko bai kama shi ba, ruwan ya cika masa ciki, ya rage tsotso, nono kuwa gwargwadon tsotso yake zuwa. Kafin a yi arba'in sai ka ji an ce nonon wance ba ya isa, a nemo madarar gwangwani ko nonon akuya, a dama da ruwan nan dai. Mun raka yara da yawa zuwa ɗakin masu tamowa waɗanda ciwonsu ya faro daga nan.

Akwai kuma dakashi, nonon farko mai kauri da ruwan ɗorawa, wanda har yau a wasu gidaje ake tatsewa a zubar, a bar jariri da ruwan zafi har nono ya yi fari. Shi ne kuwa ke ɗauke da kariyar da jikin uwa ya tanadar wa ɗanta daga cututtuka, kuma ɗan kaɗan ɗin da ke fita ya ishi cikin jaririn kwana ɗaya. Tsotson farko yana taimaka wa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Wasu matan kuma akan ce nononsu na da ƙaiƙayi, a tatsa a jefa tururuwa a ciki, in ta mutu a hana yaro sha. Wannan gwajin ya raba jarirai da abincinsu ba gaira ba dalili.

Shi ya sa muka zo gare ka, ranka ya daɗe. Maganar da ungozoma za ta yi wata guda tana maimaitawa, idan ta fito daga fada rana ɗaya ta isa. Muna roƙon Sarki ya tara hakimai, masu gari da masu unguwanni ya ba su wannan saƙo, su kai shi har Mirriya, Magarya, Matamaye, Gure da Tanut. Muna roƙon a kira limamai su ɗauki batun a huɗubar Juma'a da wajen raɗin suna. Aya ta 233 a Suratul Baƙara da ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, ita ce ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Mun fi son maza su ji wannan rabin ayar sosai, domin macen da ta wuni a bakin turmi da layin ruwa, ko a gona da damina, ba ta da sukunin zama ta shayar da yaro duk lokacin da ya nema, dole ta bar shi da wata a gida, wadda ba ta da abin ba shi sai ruwa. Batun rubutun sha da ake ba jarirai, malamai ne za su yi bayaninsa, mu dai roƙonmu a duba hanyar da albarkar za ta isa ga yaro ba tare da an ɗura masa ruwa ba, ko da uwar ce za ta sha.

A jihar nan aka fara makarantun mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar iyali, da tallafin UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya kan al'umma, kafin su bazu zuwa sauran jihohi. Muna son a sa shayarwa cikin abin da suke tattaunawa, a kuma yi wa kakanni irin wannan zama a kowace unguwa, tunda su ke riƙe da mai jego.

Ɓangaren likita kuwa, muna roƙon Sarki ya isar da kukanmu ga Gwamna da shugabannin kiwon lafiya na jiha. Tun 1991 akwai tsarin asibiti mai kula da shayarwa, wanda ya tanadi a ɗora jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, da zarar ya faɗo, a bar su ɗaki ɗaya dare da rana, a koya mata riƙonsa kafin a sallame ta. A wasu ɗakunan haihuwa ungozoma ɗaya ce a kan mata da yawa, ba ta da lokacin tsayawa ta ga ko yaro ya kama nono daidai. Uwa ta koma gida, kan nono ya tsage, nono ya kumbura ya yi tauri, ba wanda za ta tambaya. A ƙara ma'aikata, a ware mace ɗaya da aikinta ke nan, a kuma haɗa kowace mai jego da mai faɗakarwar unguwarsu ta riƙa leƙa ta tun makon farko, musamman waɗanda aka yi wa tiyata da masu tagwaye da masu bakwaini. Tallar madarar gwangwani da rabon ta kyauta a wuraren kiwon lafiya kuma ƙa'idar duniya ta 1981 ta hana, a sa ido a kai.

Dokar aiki ta Nijar ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa mako 14, da awa ɗaya kullum don shayarwa har shekara guda. A tunatar da masu ɗaukar aiki. Matan da ke sana'a a kasuwar Dole su ma suna buƙatar rumfa mai inuwa da sutura inda za su zauna su shayar, wannan kuwa aikin hukumar birni ne idan Sarki ya yi magana.

Makon shayarwa na duniya yana kamawa daga 1 zuwa 7 ga Agusta. Muna fatan a buɗe na bana a ƙofar fada, Sarki da kansa ya faɗa wa jama'arsa kada a ba jariri ruwa sai ya cika wata shida. A shirye muke mu zo mu yi ƙarin bayani duk ranar da aka kira mu.

Allah ya taimaki Sarki, ya kare Damagaram da jama'arta.

Wassalam.

Daga matan unguwannin Birni, Zango, Garin Malam da Sabon Gari, Damagaram.
Sunaye da sa hannu suna a takardar da ke haɗe da wannan.