A koya wa matasan Bauchi rubuta zanen surfani da manhajojin kyauta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin malaman manyan makarantu da shugabannin teloli na Jihar Bauchi a kan wani al'amari da ya shafi sana'ar ɗinki da zane-zanenmu na gado.

Duk wanda yake kai ɗinki a garin Bauchi ya san cewa aikin kwamfuta ya mamaye wuyan kaftani da gaban babbar riga, musamman idan sallah ta gabato. Sai dai injin ba ya ƙirƙirar komai da kansa, fayil ake ba shi mai ɗauke da umarnin inda allura za ta soka, kuma da yawa daga masu injin saye suke yi ko su kwafa daga wasu. Shi ya sa ake ganin ado iri ɗaya a wuyan mutane da dama, alhali aska takwas da aska biyu da tambari da dagi suna nan a hannun dattawan da ba su da magada da yawa.

Akwai manhajojin da aka gina domin masu fasaha, waɗanda a cikinsu mutum yake rubuta ƙa'idar zane, kwamfuta kuma ta zana. Casey Reas da Ben Fry sun fara Processing a shekarar 2001 a cibiyar MIT ta Amurka domin masu zane su koyi rubuta umarni. Wadda ta fi kusa da buƙatarmu ita ce TurtleStitch, wadda aka ƙirƙira a birnin Vienna na Ostiriya: ana jera tubalan umarni kamar a Scratch da yara ke koyo, ita kuma ta fitar da fayil irin DST da injin surfani ke karantawa. Haka nan akwai Ink/Stitch da ake ɗorawa a kan manhajar zane ta Inkscape domin mayar da zane fayil ɗin surfani. Dukkansu kyauta ne, kuma Processing da Inkscape suna aiki ba tare da intanet ba da zarar an saukar da su, abin da duk mai sayen data zai yi maraba da shi.

Dalilin da ya sa nake ganin sun dace da mu shi ne, adonmu tun asali lissafi ne. Dagi layi ne da ke bi ta sama ya bi ta ƙasa bisa tsari, yana juyawa yana maimaita kansa. A hula kuwa, dole zanen ya zagaye kai ya haɗu da mafarinsa ba tare da giɓi ba, kuma mai ɗinki yana cim ma haka ne ta ƙirga gidajen zare. Idan ɗalibi ya rubuta wannan ƙa'ida sau ɗaya, sauya lamba guda ya isa ya mayar da zanen hula mai lamba 22 zuwa mai lamba 24, ko ya rage adon rigar uba ya dace da ta ɗansa, ba tare da siffar ta lalace ba.

Na san wasu za su ce wannan zai kashe aikin hannu, kuma ban raina damuwarsu ba, domin mata da yawa da ɗinkin hula suke rufa wa kansu asiri. Amma injin ya riga ya shigo, kuma mai son hular hannu bai daina biyan kuɗinta ba. Abin da ya rage mana shi ne mu zaɓi zanen wa injin zai riƙa ɗinkawa.

Don haka ina kira ga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abubakar Tatari Ali, da masu gudanar da shirin 3MTT na horar da matasa fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, da su shirya gajeren horo da zai zaunar da ɗaliban kwamfuta tare da masu surfani. A biya dattawan haƙƙin koyarwarsu, a rubuta sunan kowane zane da na wanda ya bayar da shi, sannan a gwada kowane fayil a kan shadda kafin a raba shi ga teloli, domin ɗinkin da ya yi cunkoso yana tattare yadi ya kuma tsinka zare, ko da ya yi kyau a fuskar kwamfuta.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Wunti, Bauchi